Dalmar da nake zuba wa tsohuwar bindigata

Bindigar ta girme ni da shekara shida. Marlin 336 ce mai liba, wato hannun da ake ja ƙasa a ɗana harsashi, mai cin harsashin .30-30, kuma lambar da ke jikinta ta fara da 26. Dattijon da ya sayar mini da ita, maƙwabcina a nan bayan garin Harrisburg a jihar Pensilbaniya, shi ya koya mini lissafin: a bindigogin Marlin na wancan zamani, idan ka cire lambobi biyun farko daga 100, abin da ya rage shi ne shekarar ƙira. Wato 1974 ke nan. Baƙin jikinta ya koɗe a daidai inda tafin hannu ke kamawa, ƙarfen ya yi haske kamar bakin fartanyar da ta sha noma. Ranar da zan tafi da ita, dattijon ya haɗa mini da wani kwali mai nauyi, ya ce gwiwoyinsa sun daina hawa dutse, kayan nan kuwa ba su san zama ba. Tukunyar narka dalma ce mai aiki da lantarki, da ludayin ƙarfe, da mazubin harsashi guda.

Ban yi mamakin yadda zuciyata ta karkata ga kwalin nan ba. Baffana, yayan mahaifina, maharbi ne a ƙauyenmu na yammacin Katsina. Bindigar toka gare shi, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da tsumma. Ina yaro nakan tsuguna gefensa yana narka guntayen dalma a gwangwani a kan murhu, ya zuba, ya yayyanka, ya mulmula su ɗaya bayan ɗaya. Da na faɗa masa a waya cewa na soma zubin harsashi a Amurka, sai ya yi dariyar jin daɗi ya ce, “To ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma ka kula, ɗana, dalma ba a yi mata gaggawa.”

Gaggawar kuwa na yi. Kafin in iya zubi, na sayi harsasan dalma ɗari biyar da aka riga aka zuba, a wani baje-kolin kayan farauta. An rubuta a kwalin cewa masu tauri ne, kaurinsu .308 na inci, daidai da abin da littattafai suka ce shi ne faɗin bututun .30-30. A tunanina na lokacin, tauri shi ne inganci. Na kai su filin gwajin harbi na hukumar kula da namun daji ta jiha. Uku na farko suka zauna kusa da juna a yadi 50. Kafin in kai na goma sha biyar sun watse a kan takardar, wani sama wani gefe. Da na leƙa bututun da tocila sai ga dalma ta shafe cikinsa, toka-toka, kamar an goga fensir.

Na goge bututun, na ce ai a daji harbi ɗaya ake yi, kuma na farko yana zuwa daidai. Da wannan hujjar na fita a ƙarshen Nuwamba, da lasisin barewa mace a aljihu. Wajen ƙarfe uku da rabi na yamma wata ta fito daga cikin duhuwa, tazarar ba ta fi yadi 60 ba. Na yi bismilla na ja kunama. Ta zabura ta shige daji. A inda ta tsaya na tarar da 'yan silin gashi da ɗigon jini biyu, daga nan sai shiru. Ni da dattijon muka bi sawu da tocila, wani wurin da rarrafe, muna juya ganye ɗaya-ɗaya. Kusan awa uku muka yi kafin mu same ta kwance a gindin wani rafi, da sauran ranta, tana kallon hasken. Na yanka ta a wurin. Da muka feɗe, na ga harbin ya ɗan ja baya, ya taɓa huhu ɗaya da hanta, wannan laifina ne ba na kowa ba. Amma na ga wani abu kuma: ramin da harsashin ya bari, shiga da fita, bai fi kaurin fensir ba. Ya ratsa ta kamar tsinke bai buɗe ko kaɗan ba. A daren ban iya cin abinci ba. Addininmu ya ce idan za ka kashe ka kyautata kisan, ka wasa wuƙa, ka hutar da dabba. Wannan baiwar Allah awa uku na bar ta tana wahala saboda na ƙi tsayawa in koya.

Washegari dattijon ya ce in kawo bindigar garejinsa. Bai yi mini faɗa ba. Ya ɗauko wata 'yar dunƙulen dalma zalla mai laushi, irin ta masu kamun kifi, ya shafe ta da maiko, ya sa a bakin bututun ya dinga turawa a hankali da sandar tagulla har ta faɗo ta ɗaya gefen. Ta fito ɗauke da hoton cikin bututun a jikinta. Ya sa maikiromita ya auna. Faɗin ya haura .309. Wato harsasan da na saya sun yi wa bindigata sako-sako.

Abin da ya bayyana mini a ranar shi ne ginshiƙin duk abin da na koya daga baya. Idan harsashin dalma bai cika bututu ba, iskar albarushi mai zafi da matsi takan bi ta gefensa ta wuce, tana yankar dalmar tana fesa ta a bango. Harsashi mai laushi, idan wuta ta buge shi daga baya, yakan kumbura kaɗan ya toshe hanyar. Mai tauri ba ya kumbura. Ashe taurin da nake taƙama da shi ne ya ƙara ɓata lamarin. Ƙa'idar masu zubi ita ce harsashi ya ɗara faɗin bututu da kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na inci, ƙasa da kaurin gashin kai. Ga Marlin irin tawa abin ya fi tsanani, domin tun daga shekarun 1950 kamfanin ya koma yi wa bututunsa tsagogi masu yawa marasa zurfi, waɗanda ya kira Micro-Groove. Za ka ji mutane da yawa suna cewa irin wannan bututu ba ya son dalma. Abin da na gani da idona shi ne, ba ya son harsashi siriri. Tun da na koma .311 ban sake kankare dalma daga cikinsa ba. Kafin nan sai da na wanke shi tas, na naɗa zaren soson jan ƙarfe na wanke tukunya a kan tsohon buroshi na cire dalmar, sannan na bi da maganin cire jan ƙarfen da tsofaffin harsasan kanti suka bari shekara da shekaru. Wanda zai yi haka ya fara gwada soson da maganaɗisu, domin wasu baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ja, su kuwa suna karce bututu.

Maganar siffar kai ba ta ba ni wahala ba, bindigar da kanta ta yanke hukunci. Marlin 336, kamar Winchester 1894 wadda aka fara fito da .30-30 dominta a 1895, tana jera harsasanta a wani bututu na biyu a ƙasa, kan wannan a gindin wancan. A gindin kowane kwanso kuwa ƙwayar da ke tada wuta take. Harsashi mai tsini zai iya buga ta idan bindiga ta girgiza, shi ya sa tun asali mai faɗin kai ake sa wa irin waɗannan. Abin da tsaro ya tilasta sai ya zama alheri a farauta. Kai mai faɗi ba ya ture tsoka gefe ya wuce kamar allura, yankar ta yake yi, ya bar rami a buɗe, jini ya sami hanya. Mazubin da dattijon ya ba ni na kamfanin Lyman ne mai lamba 311041, yana fitar da harsashi mai nauyin giren 173, wato giram 11 da ɗan ɗori, kuma don .30-30 aka tsara shi. RCBS na da nasu mai giren 180, Lee na da mai 170 da ya fi araha. Na gwada na Lee a wajen wani abokin harbi, bai yi laifi ba. Amma nawa ya zauna wa bindigata, ban ga dalilin neman wani ba.

Faɗin kan nan ya taɓa sa ni waswasi. Na tuna hadisin Adiyyu ɗan Hatim a kan sandar farauta, inda aka ce abin da ta huda da kaifinta a ci, abin da ta buge da faɗinta kada a ci. Bayan sallar Juma'a na tsayar da limaminmu na ce, “Malam, Allah ya gafarta, harsashin nan kansa a shafe yake, ba tsini. Ya halatta?” Ya tambaye ni ko yana hudawa ya zubar da jini. Na ce yana shiga ta nan ya fita ta can. Ya ce to ba bugu ba ne, huda ce, kuma malaman Malikiyya na baya sun halatta abin da aka harba da dalmar bindiga, matuƙar an ambaci sunan Allah lokacin harbi. Idan kuwa na tarar da ita da rai, sai yanka. Dokar Pensilbaniya ma ta yarda da harsashin da dukkansa dalma ne a farautar barewa.

Inda na fi daɗewa shi ne haɗin dalmar, kuma a nan ne mutum zai san ko ya fahimci abin da yake yi. Akwai ma'aunin tauri da ake kira Brinell. Dalma zalla tana wajen 5. Dalmar da ake maƙala wa wilin mota don daidaita taya, wadda ita ce abincin masu zubi a Amurka shekaru da yawa, tana wajen 11 zuwa 12. Haɗin Lyman mai lamba 2, wato dalma kashi 90, kuza 5, wani ƙarfe da ake kira antimoni 5, yana 15. Dalmar tsofaffin injinan ɗab'i ta kai 22. Kuza da antimoni duka suna ƙara tauri, amma halinsu ya bambanta. Antimoni yana sa tauri mai gautsi, idan ya yi yawa harsashi yakan farfashe idan ya gamu da ƙashi, ko kuwa ya wuce bai buɗe ba. Kuza, irin wadda iyayenmu suka yi ta haƙa a Jos, tana sa narkakkiyar dalma ta cika kowane lungu na mazubi, tana kuma riƙe harsashin ya baje kamar lema ba tare da ya tarwatse ba. Maharbin barewa yana tsakanin buƙatu biyu masu jan juna: jikin harsashi ya yi ƙarfin da zai kama tsagogin bututu, kansa kuma ya yi laushin da zai buɗe a cikin nama.

Bayan gwaje-gwaje na tsaya a kan rabi dalmar wili, rabi dalma zalla, da kuza kamar kashi biyu cikin ɗari. Ina barin su su huce a iska a kan tsohon tawul, ba na jefa su a ruwa, domin jefawa a ruwa da zafinsu yana ninka taurin haɗin da ke da antimoni. Sai in ajiye su sati biyu ko uku kafin in gwada, saboda irin wannan haɗi yana ci gaba da ƙara tauri bayan zubi. Lokacin nan ne nakan tuna maganar Baffa. Dalmar wilin ma yanzu ta yi wuya, masu gyaran taya sun koma na baƙin ƙarfe da zinki, sai na zauna na tantance su da filaya ɗaya-ɗaya, wanda filaya ta kasa yi wa shaida in jefar. Dalma tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Salshiyas, zinki sai 419, don haka idan ba ka ƙure wuta ba, wanda ya kuɓuce maka zai taso sama ka kwashe. Idan ya narke a ciki kuwa tukunyar ta lalace, sai ta yi kauri kamar kunun da ya kwana.

Haɗi mai laushi haka ba zai jure gudun bindiga ba sai da ɗan murfin jan ƙarfe da ake matsa masa a gindi, wanda suke kira gas-cek. Shi ke tare wutar. Harsashin kanti mai giren 170 yana fita da gudun ƙafa 2,200 a daƙiƙa. Nawa yana wajen 1,850, kuma da gangan na tsaya a nan, domin da na matsa sama da haka sai suka soma watsewa a takarda. Ba zan rubuta awon albarushina ba. Kowace bindiga da halinta, musamman tsohuwa, kuma wanda zai ɗura harsashi da hannunsa ya buɗe littafin awo na masu yin albarushin ko na Lyman, ya fara daga ƙasa. Abu biyu ƙanana da suka taɓa ɓata mini aiki: idan ba a ɗan buɗa bakin kwanso ba yakan aske gefen dalmar lokacin shiga, idan kuma ba a matse bakin a ƙarshe ba, harsasan sukan nutse cikin kwanso saboda tunkuɗar juna a bututun ƙasa.

Takarda tana nuna inda harsashi ya faɗa, ba ta nuna abin da ya yi bayan ya shiga. Don haka na tara tsofaffin jaridu na jiƙa su kwana guda, na ɗaure su dam a kwali, na harba daga yadi 75. Na tona na ciro. Mai taurin nan na kanti ya fito kamar a mayar da shi kwanso, in ban da zanen bututu a jikinsa. Nawa ya baje a kai ya kusa ninka faɗinsa, gindinsa lafiya, da na ɗora a sikeli abin da ya zubar kaɗan ne. Na daɗe ina juya su biyun a tafin hannuna. Da na yi wannan gwajin shekara guda kafin nan, da waccan barewar ba ta kai dare ba.

Na sa wa kaina iyaka, yadi 100. A 150 harsashin ya riga ya sauka kusan faɗin tafin hannu, gudunsa kuma ya ragu har ba na da tabbacin zai buɗe. A dazukan duwatsun nan ma da wuya ka hangi abin da ya wuce yadi 80. Shekarar da ta biyo baya, ranar Asabar ɗin buɗe farauta, wadda tun 2019 take zuwa bayan bikin godiya na Amurkawa, ina zaune jingine da itace cikin rigata mai ruwan lemo da doka ta wajabta, yatsuna sun ƙage don sanyi. Namiji ya fito, na ƙirga rassan ƙahonsa na ga sun cika uku a gefe guda kamar yadda dokar yankinmu ta ce. Na jira har ya ba ni haƙarƙari sosai, ƙafar gaba ta matsa. Na yi bismilla. Ya yi tsalle, ya ruga kamar taku talatin, ina kallonsa ya faɗi. Jini a kan dusar ƙanƙara kamar an zuba da buta. Kafin in isa ya cika. Huhu biyun duka, ramin fita ya kai faɗin babban yatsa.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, domin duk Bahaushen da ya ji kalmar dalma ya san inda zuciyarsa ke zuwa. A 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya Bagega, saboda ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake daka da niƙa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Ranar da na fara kunna tukunyar nan uwargida ta tsaya a ƙofar gareji ta ce, “Maigida, gubar da ta kashe yaran Zamfara ce za ka shigo mana da ita gida?” Gaskiya ta faɗa, kuma a kan maganarta na tsara komai. A waje nake zubi, iska na kaɗawa daga bayana. Yara ba sa zuwa wurin. Akwai riga da takalmi na aikin da ba sa shiga ɗaki, ba na ci ba na sha har sai na wanke hannu da sabulu. Ba na taɓa dalmar batirin mota. Ruwa ko ɗigo ɗaya ba ya kusantar tukunyar, domin idan ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma fashewa take yi ta watsu a fuska. Duk shekara ina sa likita ya auna dalmar jinina.

Naman ma haka. A 2008 an sami ɓurɓushin dalma a niƙaƙƙen naman barewa da mafarauta suka bayar sadaka a Dakota ta Arewa da Minesota, har aka janye shi daga rumbunan abincin mabuƙata. Binciken da hukumar albarkatun ƙasa ta Minesota ta yi a shekarar ya nuna harsasai masu tsananin gudu da saurin buɗewa su suka fi tarwatsewa, masu nauyi da tafiya a hankali kuwa ɓurɓushinsu kaɗan ne. Wannan ya ƙara mini natsuwa da haɗin da na zaɓa, amma bai sa na saki jiki ba. Ina yanke naman da ke kewaye da ramin da faɗi in zubar, ba na niƙa na wajen haƙarƙari, kuma ba a jiƙa shi da tsamiya ko lemon tsami, domin tsami yana narkar da dalma. Yara daga cinya da gadon baya kawai ake ɗibar musu. Kayan ciki ina binne su ko in fito da su a leda, saboda mikiya da sauran tsuntsaye suna ci su kamu. Dalilin tsuntsaye ne ma ya sa Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya tun 1 ga Yuli 2019. Wanda ya zaɓi na jan ƙarfe zalla, irin wanda Barnes ke yi wa .30-30, ban ga laifinsa ba, kuma shekarar da uwargida ke da juna biyu shi na ɗura.

Harsasan dalma na bana na zuba su tun farkon Oktoba. Cikin ɗari da ashirin na mayar da kusan talatin tukunya, masu tamoji a jiki da waɗanda gindinsu bai cika ba, sauran na auna su a sikeli na ware hamsin da nauyinsu ya zo ɗaya. Suna cikin gwangwanin shayi a saman kanta, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Arba'in za su tafi a filin gwaji kafin Nuwamba ta ƙare. Jiya na aika wa Baffa hoton guda ɗaya a tafin hannuna, ta wayar ɗansa. Ya sa aka kira ni, ya ce a gaya masa nauyinsa, sannan ya tambaya ko barewar ƙasar nan tana tsayawa ta waiwayo idan aka yi mata fito, kamar tamu. Na ce tana tsayawa, Baffa. Ya ce to in jira ta tsaya.